Filayen Tseren Motoci da Gari Ya Cinye

A kudancin jihar Kalifoniya ta Amurka akwai wani gari da ake kira Moreno Valley. Wanda ya shiga katafaren rukunin shagunan garin ya sayi takalmi ya fito, ba lallai ne ya san cewa a kan tsohon filin tseren motoci yake takawa ba. Filin Riverside ke nan, wanda daga 1957 zuwa 1989 da wuya ka sami babban direban tsere a Amurka da bai zuba gudu a cikinsa ba. A nan Stirling Moss ya ci gasar Grand Prix ta Amurka a 1960. A nan Dan Gurney ya lashe tseren mil 500 na NASCAR, babbar hukumar tseren motoci ta Amurka, har sau biyar tsakanin 1963 da 1968. Daga 1970 zuwa 1981 kuwa, a nan ake buɗe kakar NASCAR kowane Janairu, tun kafin a je babban tseren Daytona. Yau abin da ya rage shi ne sunayen direbobi a jikin allunan titi, a unguwar da aka gina a wurin: Andretti, Gurney, Penske.

Tsofaffin 'yan kallo har gobe ba su huce ba. Suna adana tikiti da hotuna, suna ɗora tsohuwar taswirar filin a kan hoton garin na yanzu da aka ɗauka daga sama, suna gardama kan ko kwana ta tara ta hanyar tseren ta faɗo a bayan gidan wane ko a ƙofar kantin wane. In ka tambaye su wa ya kashe filin, amsar kusan ɗaya ce a bakin kowa: mu muka riga su zuwa, suka zo suka gina gidaje a jikin katangarmu, sannan suka ce rugugin injinmu ya hana su barci. Akwai gaskiya a wannan ƙorafi. Sai dai a ganina maƙwabcin da ya kai ƙara yana ɗaukar laifin da ya fi ƙarfinsa, domin hannun da ya sa a takardar ciniki ba nasa ba ne.

Mu fara da abin da mai gina filin tsere yake nema. Yana son fili mai faɗin ɗaruruwan eka, a dunƙule wuri guda, mai araha, inda babu gidaje kusa. Amma kuma ba zai yi nisa da babban birni ba, don daga can 'yan kallo za su fito, kuma dole a sami babbar hanya da za ta kwaso su da safe ta mayar da su da yamma. To ka ajiye wannan lissafi, ka jira shekara ashirin. Abin da kamfanin gina rukunin gidaje yake nema ke nan, ba ragi ba ƙari. Har ma mai filin tseren ya rage masa wahala: ya share daji, ya baje ƙasa, ya jawo ruwa da lantarki, ya kuma riƙe masa filin a hannun mutum ɗaya. Maimakon ya bi manoma talatin yana ciniki da kowannensu, sa hannu ɗaya ya ishe shi. Wanda ya gina filin tsere a bakin birni mai girma, ko ya sani ko bai sani ba, ajiya yake yi wa dillalan filaye.

Abin ba sabo ba ne a Los Angeles. A 1920 an buɗe wani filin tsere na katako zalla a Beverly Hills, zagayensa kilomita biyu, lokacin yankin gonaki ne. A can Gaston Chevrolet ya rasu a watan Nuwamba na wannan shekarar, watanni kaɗan bayan ya ci tseren Indianapolis. Shekara huɗu kacal filin ya yi. A 1924 ƙasar ta yi tsadar da ba a barinta ga motoci su yi ta zagaye, aka kwance katakon, aka koma Culver City, can ma bai daɗe ba. Otal ɗin Beverly Wilshire da attajirai ke sauka yau yana tsaye ne a wani ɓangare na wancan fili. Wato kakannin masu kukan Riverside su ma sun yi irin wannan kuka.

Riverside ya fi daɗewa ne don an kai shi nesa, kusan kilomita ɗari gabas da birnin, cikin busasshiyar ƙasa kusa da sansanin sojan sama na March. Wanda ya je kallo a shekarun 1960 zai tarar da rana mai dukan ƙeya da iska mai tayar da ƙura. Mutane kan ajiye motocinsu a jikin waya, su hau kan rufin mota da kujera da akwatin ƙanƙara. Daga nan suna hango motoci suna hawowa ta wasu kwanoni masu lanƙwasa hagu da dama a jere, wanda tayarsa ta ɗan sauka daga kwalta sai ya tayar da turnuƙun ƙura ya rufe wa na bayansa ido. Sannan su bi miƙaƙƙiyar hanyar baya mai tsawon kusan kilomita biyu, a taka mota iya ƙarfinta, a ƙarshenta kuma ga kwana ta tara tana jira da katanga. Wanda birkinsa ya yi sanyi a nan, sai addu'a.

Abin da ya kai 'yan kallo can shi ya kai gari. Babbar hanya mai lamba 60 da ta wuce ta gefen filin ita ce ta sa ma'aikacin da gida ya gagare shi a Los Angeles ya gane cewa zai iya sayen mai ɗaki uku da gareji a Moreno Valley, ya riƙa tuƙa mota zuwa aiki kullum. Lokacin da aka mai da wurin gari mai hukumarsa a 1984, mutanensa ba su kai dubu 50 ba. A ƙidayar 1990 sun haura dubu 118. Nan akwai abin dariya mai ɗaci. Kamfanonin motoci sun daɗe suna zuba kuɗi a tsere saboda karin maganar da suka yi imani da ita, cewa ka ci tsere ran Lahadi ka sayar da mota ran Litinin. Sun sayar kuwa. Kowane gida ya sami mota, motar ta ba shi damar zama nesa da birni, zaman nesa ya haifi unguwannin bayan gari, su kuma suka haɗiye filin da ya tallata motar tun farko.

Hukumar sabon garin ma tana da nata lissafi. Tun 1978 masu zaɓe a Kalifoniya suka amince da wata doka da ta ɗaure harajin gidaje da filaye, don haka garuruwa suka koma farautar kasonsu na harajin saye da sayarwa. Filin tsere yana cika maƙil 'yan kwanaki a shekara. Rukunin shaguna yana buɗe kullum, kowane takalmi da aka sayar kuma akwai ɗan abin da zai faɗa asusun gari. Wane kansila ne zai tsaya dogon tunani? Rusty Wallace ya ci tseren NASCAR na ƙarshe a Riverside a watan Yuni na 1988, aka rufe ƙofa a 1989, shagunan suka buɗe a 1992.

Labarin filin Ontario, wani gari a gabashin Los Angeles, ya fi wannan ban tausayi, domin shi ba tsufa ya yi ba. An buɗe shi a 1970 a kan dala miliyan 25.5, an kwaikwayi fasalin Indianapolis, zagaye kilomita huɗu, da ɗakunan manyan baƙi da allon lantarki mai nuna matsayin kowace mota, abubuwan da sauran filaye ba su sani ba a lokacin. Ranar tseren farko mutane sun haura dubu 170. Amma da bashi aka gina shi, ta hanyar sayar da takardun lamuni, kuɗin tikiti kuma bai taɓa isa biyan ruwan bashin yadda ya kamata ba. Taron farko bai sake maimaituwa a tsere ba. Yayin da harkar ke ramewa, ƙasar da ke ƙarƙashinta tana ƙiba. Wani reshen kamfanin mai na Chevron mai harkar filaye ya lura da haka, ya karɓe wurin a 1980, aka sa katafila a 1981. Shekara goma sha ɗaya ke nan tsakanin biki da rusau. Yau ofisoshi ne da gidaje da zauren wasanni, titunan kuma an raɗa musu sunayen motoci irin su Ferrari da Porsche. Ban san abin da ya sa masu gini suke son wannan al'ada ba, amma kusan duk inda suka rushe fili sai sun rataya sunansa a kan titi. Tsofaffin 'yan kallo ba sa ɗaukar hakan a matsayin girmamawa.

Wanda yake zaton wannan tarihin shekarun baya ne, ya dubi filin Fontana, shi ma a gabashin Los Angeles. Roger Penske ya gina filin a kan kufan masana'antar ƙarfe ta Kaiser, aka buɗe a 1997, don a cike gurbin da Riverside da Ontario suka bari. Wuri ne na masana'antu, ƙasar ma sai da aka tsabtace ta daga dattin masana'anta. A nan Gil de Ferran ya zagaya da gudun da ya haura kilomita 388 a awa a shekarar 2000. A watan Fabrairu na 2023 Kyle Busch ya ci tseren ƙarshe, kuma a daidai lokacin aka ji cewa NASCAR, mai filin, ta sayar da eka 433 a kan kuɗin da ya haura dala miliyan 500. Wannan karon ba gidaje ba ne, manyan sito-sito ne. Kayan da jiragen ruwa ke saukewa a tashoshin Los Angeles da Long Beach, tireloli ne ke kwaso su zuwa wannan yanki a jibge, daga nan a rarraba wa masu saye ta intanet.

Ka yi lissafin da kanka. Eka ɗaya ta haura dala miliyan ɗaya. In aka ajiye dala miliyan 500 inda za ta riƙa kawo kashi biyar cikin ɗari, dala miliyan 25 ke nan kowace shekara, ba gyaran kwalta, ba albashin masu gadi, ba fargabar ruwan sama ranar tsere. Filin kuwa ya riga ya koma babban tseren NASCAR ɗaya a shekara tun 2011, kuma a 2014 an rage kujerunsa daga dubu 92 zuwa dubu 68 don kada kyamara ta riƙa nuna benci babu kowa. Kuɗin talabijin, wanda shi ne ƙashin bayan harkar a yau, yana bin tseren ne duk inda aka kai shi, ba ruwansa da wane fili. Ga mai hannun jari, riƙe Fontana ya zama sadaka. An ce za a gina ɗan ƙaramin fili a abin da ya rage, amma har aka shiga 2025 ba a ga aiki ba.

Wannan ba ya nufin hayaniya ba ta kashe fili. Tana kashewa, amma a hankali take yi. Ba a cika rufe fili rana ɗaya don maƙwabta sun koka ba. Abin da ake yi shi ne a ce kada a wuce ƙarfe goma na dare, sai a ƙayyade ƙarfin rugugin da aka yarda da shi, sai a rage kwanakin da za a yi tsere a shekara. Kowane sharaɗi yana yanke wani abu daga kuɗin shiga, har ranar da tayin dillali zai fi komai ma'ana. Haka filin Bridgehampton da ke Long Island a jihar New York ya yi ta shaƙewa har aka rufe shi a ƙarshen shekarun 1990, daga baya ya koma filin wasan golf na masu hannu da shuni. Filin Laguna Seca na Kalifoniya, wanda yake nan tun 1957, wasu mazauna yankin sun maka hukumar gundumar Monterey a kotu a kansa a ƙarshen 2023, aka sasanta a 2024. Ya tsira, kuma babban dalili shi ne filin na gunduma ne, babu wani mutum guda da za a kira gefe a yi masa tayi.

Ƙananan filaye kuwa yawancinsu ba su ma da ta cewa, don a haya suke. Lions, wurin tseren miƙe-ka-taka na mita 400, a ƙasar hukumar tashar jiragen ruwa yake, aka karɓe a 1972. Na gundumar Orange a ƙasar kamfanin Irvine yake, ya tafi a 1983. Ascot Park da ke Gardena, wanda iyalin Agajanian suka gudanar, hayarsa ta ƙare a 1990. Duk wanda ya taɓa buga ƙwallo a fegin unguwa har ranar da mai shi ya sauke tifar yashi ya san yadda abin yake: shekarun da kuka yi kuna share wurin ba su ba ku ko taku ɗaya ba.

A kan waɗannan ƙananan ne nake ganin kewar ta fi cancanta, ko da yake hotunan manyan ne suka fi yawo. Ascot zagayen ƙasa ne na rabin mil, an gina shi a kan tsohon juji. Kafin tsere motar ruwa ce ke zagayawa tana jiƙa yumɓu har ya yi danƙo. Da an saki motoci, sai su shiga kwana a karkace, gindi ya riga kai, tayoyin baya suna watsa curin laka har kan mutanen da ke layin gaba, wasu da kwali suke kare fuska. Motocin nan da yawa a garejin gida aka haɗa su. Bakanike ya tashi daga aiki ran Juma'a, shi da ƙaninsa da wani maƙwabci su kwana suna ɗaura inji, ran Asabar su ja motar zuwa fili. In ya ci, ladan ya sayi taya. In bai ci ba, ya koyi abin da ba a koyarwa a aji. Daga irin waɗannan wurare manyan direbobi da kanikawansu suka fito. Da aka rufe su, matakalar farko ce aka sare. Yaron da ubansa ke da kuɗi zai je makarantar tuƙi ko kulob mai zaman kansa a cikin hamada. Wanda ba shi da shi, ko ya haƙura, ko ya koma tsere a kan titin gari da tsakar dare, abin da aka ƙirƙiri filaye irin su Lions don a hana tun farko.

Sai dai kewa tana da zaɓe. Tana tuna ƙamshin mai da rugugin inji, ta manta da motar asibiti. A Riverside Joe Weatherly, zakaran NASCAR mai riƙe da kambu, ya rasu a watan Janairu na 1964 lokacin da kansa ya bugi katanga ta tagar mota. A can Ken Miles ya rasu a watan Agusta na 1966 yana gwajin sabuwar motar Ford. Rolf Stommelen ya bi su a 1983. Da filin ya rayu, da sai an kashe maƙudan kuɗi an ja katangu baya, an sauya kwanoni, kuma masu kewar nan su ne za su fara cewa an lalata shi. Haka ya faru da Kyalami na Afirka ta Kudu, wanda a ƙarshen shekarun 1980 aka sayar da rabinsa mai ɗauke da shahararriyar miƙaƙƙiyar hanyarsa aka yi ofisoshi, aka sake zana sauran. Sunan yana nan, amma tsofaffi sun ce ba shi ba ne. Tana kuma manta cewa mutanen da suka sayi gidajen Moreno Valley ba azzalumai ba ne, ma'aikata ne masu neman inda za su sa iyali, kuma da yawansu masu son tseren ne.

Wani abin da masu kewa ba su cika son faɗa ba shi ne cewa masu harkar da kansu sun kashe filaye da gangan. Nazareth, a garin su Mario Andretti a jihar Pennsylvania, kamfanin da ya mallake shi ne ya rufe shi a 2004 ya kai tserensa wasu wurare, da ya tashi sayarwa kuma ya sa sharaɗin kada a sake yin tsere a wurin, don kada ya haifa wa kansa kishiya. North Wilkesboro a jihar North Carolina, wanda aka buɗe tun 1947, wasu manyan masu filaye biyu ne suka saye shi don kawai su kwashe ranakun tserensa zuwa Texas da New Hampshire, suka kulle shi a 1996.

Wannan na ƙarshen yana da darasi a cikinsa. Ya yi shekara da shekaru a kulle, ciyawa ta tsaga kwalta, rufin rumfuna ya zube. A ƙarshen 2019 Dale Earnhardt Jr. ya tara 'yan sa-kai suka nome ciyawar, ba don a yi tsere ba, don a auna filin da na'ura a saka shi cikin wasan kwamfuta kafin ya ƙarasa rugujewa. Abin ya tayar da tsohon tsumi, gwamnatin jiha ta ware dala miliyan 18, a 2023 NASCAR ta dawo da babban tsere wurin. Ana yawan ba da labarin a matsayin nasarar soyayyar 'yan kallo. Soyayyar ta yi aiki, ba musu. Amma masoyan Riverside sun fi yawa, ba su kuma samu komai ba. Bambancin shi ne North Wilkesboro yana cikin karkarar da masana'antunta suka durƙushe, babu dillalin da ya yi sha'awar ƙasar. Talaucin yankin ne ya ajiye filin har masu kewa suka farka.

A wajen Amurka ma zancen bai sauya ba. Oran Park a gefen birnin Sydney na Ostireliya ya rufe a 2010, yanzu unguwa ce guda mai babban titi da sunan direba Peter Brock. Na Jacarepaguá a Rio de Janeiro an rushe shi a 2012 don wasannin Olamfik na 2016. Mu a nan dawaki muka sani, amma ƙa'idar ɗaya ce: filin sukuwa na Legas, inda aka yi bikin 'yancin kai a 1960, shi ne ya koma dandalin Tafawa Ɓalewa a shekarun 1970, don babban fili a tsakiyar birni ba ya zama na masu wasa har abada.

A 2025 jihohin Iowa da North Carolina sun yi dokar da ta hana wanda ya tare kusa da tsohon filin tsere ya dawo ya kai ƙara kan hayaniya. Doka ce mai kyau, za ta kuma ceci wasu ƙananan filaye na karkara. Amma ta rufe ƙofar maƙwabci ne kawai, ƙofar mai saye a buɗe take. Filin Irwindale, wanda aka buɗe a 1999 a gabashin Los Angeles, yana zaune ne tsakanin ramukan haƙar tsakuwa da babbar hanya, a garin da mutanensa ba su kai dubu biyu ba. Ba a yi wata shari'ar hayaniya da ta durƙusar da shi ba, kuma a darensa na ƙarshe, a watan Disamba na 2024, tikiti ƙarewa ya yi. Kamfanin da ya sayi ƙasar masana'antu da sito-sito yake son ginawa, irin wannan doka kuma ko da Kalifoniya tana da ita ba ta da abin da za ta ce masa.